Allon Shafa Ko Maɓalli: Wanne Ya Fi Barin Idon Direba A Kan Hanya?

Duk wanda ya koyi tuƙi da Peugeot 504 ko Volkswagen Beetle, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna da Legas tun daga 1975, ya san cewa gaban mota a wancan zamani ba shi da wani tarkace mai yawa. Akwai agogon gudu, da na mai, da makunnin fitila, da na waifa, sai kuma rediyo mai mamurɗi biyu. Cikin mako guda hannun direba ya haddace inda kowane abu yake, har ya iya kunnawa da kashewa cikin duhun dare ba tare da ya sunkuya ba.

Yau kuwa al'amari ya sake. Mutum ya leƙa sabuwar mota sai ya tarar da wani faffaɗan gilashi a tsakiyar dashbod, irin na wayar shafa, an kwashe maɓallai an zuba a cikinsa. Masu sayarwa suna kiran wannan ci gaba, masu saye kuma suna ganin ado. Amma masanan kiyaye haɗurra a ƙasashen Turai sun yi shekaru suna auna abin, kuma sakamakon da suka samu ya ba mutane mamaki, domin ƙaramar mota mai araha ta kunyata manyan motocin alfarma.

GWAJIN DA AKA YI A SUWIDIN

A shekarar 1986 ne kamfanin Buick na Amurka ya fara saka allon shafa cikin motarsa Riviera, amma direbobi suka yi ta ƙorafi, har aka cire shi a 1990. Abin bai sake tashi da ƙarfi ba sai 2012, lokacin da kamfanin Tesla ya fito da Model S mai allon inci 17. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa na gasar girman allo da ƙarancin maɓallai.

A shekarar 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Vi Bilägare ta ɗauki motoci 12 ta kai su wani filin jirgin sama. Guda 11 sababbi ne, ɗaya kuwa tsohuwar Volvo V70 ce ƙirar 2005, wadda ba ta da allon shafa ko kaɗan. Aka ba direba lokaci ya saba da kowace mota tukuna, sa'an nan aka ce ya yi gudun kilomita 110 a awa yana aiwatar da ayyuka huɗu na yau da kullum. Daga ciki akwai daidaita ɗumin cikin mota da goge raɓar gilashi, da kunna rediyo a kamo wata tasha, da mayar da lissafin tafiya zuwa sifiri, da rage hasken agogunan gaba.

Tsohuwar Volvo ce ta zo ta ɗaya. Direba ya gama kome cikin sakan 10, mota ta ci mita 306. Wadda ta zo ƙarshe ita ce MG Marvel R mai aiki da lantarki, wadda ta ɗauki sakan 44.9, wato tafiyar mita 1,372, kusan kilomita ɗaya da rabi ke nan hankalin direba yana rabe. Motar alfarma BMW iX ta ci sakan 30.4. A cikin sababbin motocin kuwa, wadda ta fi kowacce ita ce Dacia Sandero, da sakan 13.5, alhali tana cikin motoci mafi araha a kasuwar Turai.

MOTAR TALAKAN TURAI

Sandero ƙaramar mota ce mai gajeren baya, irin wadda but ɗinta yake haɗe da wurin zaman fasinja, ƙofarsa kuma tana ɗagawa sama tare da gilashin baya, kamar Golf ko Peugeot 206 da muka sani a nan gida. Kamfanin Dacia na ƙasar Rumaniya ne yake yin ta, wanda Renault na Faransa ya saya a 1999, kuma ana ƙera ta a Rumaniya da Maroko. A shekarar 2024 ita ce motar da aka fi saye a nahiyar Turai baki ɗaya.

Dalilin nasararta a wancan gwaji ba wani boyayyen abu ba ne. Masu ƙirarta sun bar iska da sanyi a kan mamurɗai guda uku manya, waɗanda hannu yake kamawa ya juya. Allon da ke cikinta ɗan ƙarami ne, ba a cusa masa abubuwa barkatai ba. Samfurinta mafi araha ma ba shi da allon tsakiya sam. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to a nan rashin adon ne ya zama alheri.

Hikimar da ke ciki ita ce, maɓalli yana da jiki. Yatsa yana laluba shi ya gane shi, ya danna ya ji ya dannu, ido kuwa yana can kan hanya. Gilashi sumul yake, babu tudu babu kwari, saboda haka dole ido ya raka yatsa, ya nemo wurin, ya tabbatar an taɓa daidai, sau da yawa ma sai an buɗe shafi cikin shafi. In hanya tana da gargada, yatsa ya kuskure, sai a sake daga farko.

SAKAN BIYU KACAL

Mai karatu zai iya cewa, mene ne abin damuwa a ɗan kallo na sakan biyu? To, bari mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. A sakan biyu ta ci mita 56, wato fiye da rabin filin ƙwallo, kuma duk wannan tafiya an yi ta ne kamar direba ya rufe ido. A cikin mita 56 yaro zai iya tsallakowa, babur zai iya kutsowa, tirelar da ke gaba za ta iya taka birki.

Wani bincike da cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar Virginia Tech ta yi tare da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, wanda aka buga a 2006, ya sa kyamara cikin motoci 100 ana kallon yadda mutane ke tuƙi a zahiri. Aka gano cewa ɗauke ido daga hanya fiye da sakan biyu yana ninka yiwuwar haɗari. Bisa irin wannan ne hukumar ta ba kamfanonin mota shawara a 2013, cewa kada wani aiki a gaban mota ya bukaci kallo ɗaya da ya wuce sakan biyu, kuma jimillar kallon kada ta wuce sakan 12. Shawara ce kurum, ba doka ba. A shekarar 2022 kaɗai, hukumar ta ƙidaya mutum 3,308 da suka mutu a haɗurran da rabuwar hankalin direba ta shiga ciki.

A Birtaniya ma cibiyar binciken sufuri ta TRL ta yi wa ƙungiyar IAM RoadSmart wani gwaji a 2020 da na'urar kwaikwayon tuƙi. Direban da ke shafa allon Apple CarPlay saurin ɗaukar matakinsa ya ragu da kashi 57 cikin ɗari, mai shafa Android Auto kuma da kashi 53. Don a kwatanta, wanda ya sha giya daidai iyakar da dokar ƙasar ta yarda, nasa ya ragu da kashi 12 ne, mai rubuta saƙo a waya kuwa da kashi 35.

Maganar ta kai har gaban alƙali. A ƙasar Jamus wani direban Tesla yana tafiya cikin ruwan sama, ya shiga allo yana neman inda zai ƙara saurin waifa, sai mota ta sauka daga hanya ta daki itatuwa. A watan Maris na 2020 babbar kotun Karlsruhe ta tabbatar da hukuncin da aka yi masa, tarar Yuro 200 da hana shi tuƙi wata ɗaya. Kotun ta ce allon mota na'urar lantarki ne a idon doka, ba a yarda a yi masa fiye da ɗan gajeren kallo ba, ko da kuwa abin da ake nema a ciki na tuƙin ne.

ME YA SA KAMFANONI SUKA RUNGUMI ALLO?

Mutane da yawa suna zaton allo alamar tsada ne. A wajen mai ƙera mota kuwa hanyar rage kashe kuɗi ce. Kowane maɓalli sai an zana shi, an yi masa mazubi, an ja masa waya, an gwada ƙarkonsa. Allo guda yana maye gurbin maɓallai masu yawa, kuma ana iya sake masa harshe ko tsari ba tare da an taɓa ƙarfe ba. Bugu da ƙari, tun watan Mayu na 2018 doka ta wajabta kyamarar baya a kan sababbin motoci a Amurka, saboda haka allon ya riga ya zama dole, sai kamfanoni suka yi ta ɗora masa kaya.

Ƙananan motoci ma ba su tsira ba. Lokacin da Volkswagen ya fito da Golf zubi na takwas a 2019, ya maye mamurɗan sauti da na zafi da wani siririn wurin shafawa wanda ko haske ba shi da shi da dare. Masu saye suka yi ta kuka. A 2022 shugaban kamfanin, Thomas Schäfer, ya ba da sanarwar mayar da maɓallai na gaske a kan sitiyari. A 2025 kuma babban mai zanen motocinsu, Andreas Mindt, ya yi alkawarin cewa ƙarar sauti, da zafin kowane gefe, da fanka, da dabul sigina za su koma kan maɓallai a motocinsu masu zuwa, yana mai cewa mota ba waya ba ce.

Ƙungiyar Euro NCAP, wadda tun 1997 take gwada ƙarfin motoci a Turai tana ba su taurari daga sifiri zuwa biyar, ita ma ta sa baki. A 2024 ta bayyana cewa daga 2026, motar da ke neman cikakken maki sai ta kasance da maɓalli ko sanda da hannu ke kamawa don abubuwa biyar: sigina, da dabul sigina, da hon, da waifa, da maɓallin kiran agaji. Ƙungiyar ba ta da ikon kafa doka, amma babu kamfanin da ke son a ce motarsa ta rasa tauraro.

KADA A ƊAUKA ARAHA ITA CE LAFIYA

Sai dai gaskiya ɗaya ce, sauƙin dashbod ba shi ne dukkan tsaron mota ba. Ita wannan Sandero, samfurinta na Stepway taurari biyu kawai ya samu a gwajin Euro NCAP na 2021, musamman don na'urarsa mai taka birki da kanta ba ta gane mai tafiya a ƙasa ko mai keke. Haka kuma samfurin da ba shi da allo, an yi masa mariƙin waya ne a dashbod don direba ya yi amfani da wayarsa a madadin allo. Ke nan an kori fitina ta ƙofa, ta dawo ta taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar haɗari kusan sau huɗu, kuma ko an sa wayar a lasifika bambancin ba shi da yawa, domin hankalin ne ya tafi.

INA RUWANMU?

Ruwanmu a ciki babba ne, domin motar da aka ƙera a Turai yau, ita ce 'yar Kwatano ta gobe. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. In sun zo kuwa suna daɗewa. Golf 3, wadda aka fara yi a 1991, har yanzu tana jigilar fasinja a tashoshinmu. Motocin da aka cika da allo za su iso mu da shekaru a kansu, su gamu da zafin rana da ƙurar hunturu da ramuka. Maɓalli in ya lalace mai wayarin zai canja shi shi kaɗai, amma allo in ya mutu yana iya tafiya da esi da rediyo da mai goge raɓar gilashi gaba ɗaya.

Akwai kuma wanda muke jawo wa kanmu da hannunmu. Ana cire rediyon mota mai maɓallai a saka allon Android don ƙawa, har a ga direba yana tafe da fasinja fim yana wasa a gabansa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a watan Fabrairu na 1988, tana kama mai waya a hannu, kuma dokarta ta 2007 ta sa tarar Naira 4,000 a kan wannan laifi. Ya kamata jami'anta su riƙa faɗakar da direbobi a tashoshin mota cewa allon da ke manne a dashbod shi ma ɗan uwan wayar ne.

Saboda haka, mai niyyar sayen mota ya zauna a kujerar direba kafin ya biya, ya kalli gaba, ya gwada ko hannunsa zai iya samo waifa da dabul sigina da fanka da ƙarar rediyo ba tare da ya duba ba. Mai mota kuma ya saita tasha da sanyi da taswirar hanya tun kafin ya sa giya. In bukata ta taso a tsakiyar tafiya, ya ba na kusa da shi ya yi, ko ya gangara gefe ya tsaya. Fasinja ma yana da haƙƙin ya yi wa direba magana cikin ladabi in ya ga idonsa ya bar hanya, tun da ransa ne a ciki. Taura biyu ba ta taunuwa, tuƙi kuma aiki ne da ba ya son kishiya.

Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.