Fatih Terim: sarki a filin wasa, ma'aikaci a gaban masu gida

Ranar 17 ga watan Mayu na shekara ta 2000, a birnin Kopanhagen na ƙasar Danmak, ƙungiyar Galatasaray ta Turkiyya ta kara da Arsenal ta Ingila a wasan ƙarshe na kofin UEFA. An yi minti 120 ba wanda ya ci wani. Alƙalin wasa ya kori Gheorghe Hagi, ɗan Rumaniya, tauraron Turkawa, cikin ƙarin lokaci, suka rage su goma suna fama da su Henry da Vieira da Nwankwo Kanu na Najeriya. Da aka zo bugun penalti, Turkawa suka zuba huɗu, Arsenal ta sami ɗaya tak. Wannan shi ne karo na farko da wata ƙungiyar Turkiyya ta ɗauki kofin Turai. Mutumin da ya jagorance su a daren nan shi ne Fatih Terim, wanda magoya baya suke yi wa kirari da «Imparator», wato sarkin sarakuna. Kafin damina ta tsaya, sarkin ya tattara kayansa ya bar gidan.

Masu karatu, tarihin mutumin nan duka haka yake tafiya: a kira shi lokacin da gida ya rikice, ya gyara, ya ɗauki kofi, sa'an nan a rabu dutse a hannun riga. Ya kamata mu duba yadda abin ya faro.

An haifi Fatih Terim ranar 4 ga watan Satumba na 1953 a Adana, garin auduga da zafin rana a kudancin Turkiyya, cikin gidan talakawa. Ya soma wasa a Adana Demirspor, ƙungiyar da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa. A 1974 Galatasaray ta saye shi ta kai shi Istanbul, birnin da kakanninmu suke kira Santambul. Da farko a gaba yake bugawa, daga baya aka maido shi baya, ya zama mai share gida, wanda yake tsayawa bayan sauran masu tsaro yana hangen fili duka yana ba da umurni. Ya yi shekara 11 a ƙungiyar, ya riƙe muƙamin kyaftin, ya sa rigar ƙasarsa sau 51.

Amma akwai wani tabo da ya bi shi har ranar da ya rataye takalmi a 1985. Cikin shekarun nan 11 bai taɓa ɗaukar kambin zakarun ƙasa ba, ko sau ɗaya. Galatasaray ta ci gasar a 1973, shekara guda kafin zuwansa, ba ta sake ci ba sai a 1987, shekara biyu bayan tafiyarsa. Masu tsegumi suka riƙa cewa ƙafarsa ce ba ta da sa'a. Ita kanta Turkiyya a lokacin abin tausayi ce a fagen tamaula: Ingila ta lallasa ta da ci 8 da nema a Istanbul a 1984, ta sake maimaita mata 8 ɗin a Landan a 1987. Ɗan wasan Turkiyya yakan shiga fili da Bature yana addu'a kada kunyar ta yi yawa. Wannan ƙasƙanci, nasa da na ƙasarsa, shi Terim ya ɗauka ya mayar da shi jarin sana'arsa ta biyu.

Ya fara aikin horar da ƴan wasa a ƙungiyoyin Ankaragücü da Göztepe. A 1990 aka naɗa shi mataimakin Sepp Piontek, Bajamushen da aka ɗauko don ya tada ƙungiyar ƙasa, aka kuma danƙa masa samarin da ba su kai shekara 21 ba. Nan ya yi aikin da ba a cika ambata ba, ga shi kuwa shi ne tushen komai: ya bi garuruwan lardi yana tsintar yara, yana haɗa su, yana cire musu tsoron baƙo. A 1993 ya gaji kujerar Piontek, ya kai Turkiyya gasar cin kofin ƙasashen Turai ta 1996 a Ingila, abin da ba ta taɓa samu ba. Gaskiya ne ta sha kashi a wasanninta uku, ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya a raga ba. Sai dai da yawa daga cikin yaran nan, irin su Hakan Şükür da Rüştü Reçber da Tugay Kerimoğlu, su ne suka zo na uku a gasar kofin duniya ta 2002, a hannun wani mai horon, Şenol Güneş.

A 1996 Terim ya koma Galatasaray. Kambin da ya gagare shi yana ɗan wasa, sai ga shi ya ɗauke shi sau huɗu a jere, daga 1997 zuwa 2000. Dabararsa a fili ba ɓoyayya ba ce: ba a ja da baya a jira abokin gaba, a can cikin gidansa ake tare shi, a matsa masa har ya yar da ƙwallo. Ya haɗa ƴan gida masu jini a jika, su Okan Buruk da Emre Belözoğlu, da baƙi uku da suka ga jiya suka ga yau: Hagi, da Popescu, da Taffarel mai tsaron gida na Barazil. Da wannan runduna ya ture Bologna da Dortmund da Mallorca da Leeds kafin ya isa ga Arsenal.

Daga nan Italiya ta kira shi, kuma a can ne aka fara gane iyakar sarautarsa. A Fiorentina ya doke AC Milan da ci 4 da nema, ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na kofin Italiya, amma suka saɓa da mai ƙungiyar, Vittorio Cecchi Gori, ya ajiye aiki a watan Fabrairu na 2001. Roberto Mancini ne ya zo ya ɗauki kofin da shi Terim ya share wa hanya. Ita Milan ɗin ta ɗauke shi a wannan shekara, ya ci mata abokiyar hamayyarta Inter 4 da 2, duk da haka aka sallame shi a watan Nuwamba aka kawo Carlo Ancelotti. A Istanbul maganarsa ita ce doka. A Milan kuwa akwai masu gida, akwai manyan ƴan wasa da ke da hanyar shiga wurinsu kai tsaye, kuma ba a saba da mai horon da ke son riƙe makullai duka ba.

Komawarsa Galatasaray daga 2002 zuwa 2004 ba ta yi armashi ba. A 2005 ya sake karɓar ƙungiyar ƙasa, kuma a nan aka ga fuskoki biyu na zafin zuciyarsa. A watan Nuwamba na wannan shekara, wasan neman shiga kofin duniya da ƙasar Siwis a Istanbul ya ƙare da dambe a hanyar ɗakin sauya kaya, hukumar FIFA ta hukunta Turkiyya. Shekara uku bayan haka, a gasar Turai ta 2008, zafin nan ne ya ba duniya mamaki. Ƙasar Cek tana gaba da ci 2 da nema saura kwata guda a tashi, Turkawa suka rama suka ci 3 da 2. Kuroshiya ta jefa musu ƙwallo a minti na 119, Semih Şentürk ya farke da bugun ƙarshe na wasan, suka wuce da penalti. Sai a wasan kusa da na ƙarshe Jamus ta tsayar da su, 3 da 2, lokacin da rauni da dakatarwa suka riga suka cinye musu ƴan wasa da dama.

Galatasaray ta sake neman sa a 2011, ya ba ta kambi a 2012 da 2013, ya kai ta zagayen ƙungiyoyi takwas na gasar zakarun Turai tare da Didier Drogba na Kodibuwa. A watan Satumba na 2013 shugabannin ƙungiyar suka sallame shi, bayan doguwar tsama tsakaninsa da shugabansu Ünal Aysal a kan wane ne mai faɗa a ji. Zamansa na uku a ƙungiyar ƙasa ya ƙare a watan Yuli na 2017, bayan wata hatsaniya da aka yi da shi a wani gidan cin abinci a garin Alaçatı. Ba a cika wata shida ba Galatasaray ta kira shi karo na huɗu. Ya ƙara kambi biyu, a 2018 da 2019, kuma ƙwallon da ta tabbatar da na biyun ɗan Najeriya Henry Onyekuru ne ya jefa ta da ka. A 2021 kambi ya kuɓuce masa zuwa Beşiktaş da bambancin ƙwallo ɗaya rak. A watan Janairu na 2022 aka sake nuna masa ƙofa. Bayan haka ya yi ƴan watanni a Panathinaikos ta Girka daga ƙarshen 2023, ya kuma taɓa aiki da Al-Shabab ta Saudiyya daga ƙarshen 2024.

In aka yi lissafi, ribar ta fi hasara nesa ba kusa ba: kambin ƙasa takwas, kofin Turai ɗaya, da al'umma guda da ta daina shiga fili a sunkuye. Masu sukarsa suna cewa ya gina komai a kan kansa, shi ya sa duk sa'ad da ya tashi ginin yake girgiza, har a koma neman sa. Masoyansa suna cewa in da ba irin zuciyarsa ba, da har yanzu ana ƙirga takwas-takwas. Kowane ɓangare yana da hujja a cikin tarihin da muka zayyana.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne wannan: sau huɗu ƴan kallo suka naɗa shi sarki, amma ba su ne ke sa hannu a takardar aiki ba. Duk wanda ya taɓa riƙe wa wani shago ko ya zauna a kujerar da wani ya ba shi ya san wannan hali. Yaron da ya sa cikin tsakiyar fili a shekarun nasara, Okan Buruk, shi ya karɓi horon Galatasaray a 2022, ya ɗauki kambi a 2023 da 2024 da 2025. Wannan ma a cikin gadon Terim za a lissafa shi.