Asirin Masu Tsere na Habasha da Kenya

Ga bayani a kan wani al'amari da ya daɗe yana ba mutane mamaki, wato fifikon da mutanen Habasha da Kenya suka samu a tseren dogon zango.

A shekarar 1960, a birnin Rum, wani soja mai tsaron Sarkin Habasha, sunansa Abebe Bikila, ya yi gudun mil 26 da ɗoriya cikin awa 2 da minti 15, ƙafarsa ba takalmi, ya tsere wa kowa. A 1964 ya sake ci a Tokiyo. Da aka taru a birnin Meziko a 1968, Mamo Wolde na Habasha ya gaje shi, Kipchoge Keino da Naftali Temu na Kenya su ma suka ci nasu tseren.

To, mene ne asirin? Da farko dai tudu ne. Adis Ababa da garin Iten na Kenya kowannensu ya ɗara ƙafa 7,000 bisa teku, alhali Kano ba ta kai 2,000 ba. Iskar can bisa ba ta ƙosar da numfashi, saboda haka ƙoda takan fitar da wani sinadari mai sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, su ne masu kai iska ga tsoka. Shi ya sa masu tsere na Turai sukan je su zauna can mako 3 ko 4 kafin gasa.

Na biyu abinci. Cimarsu ta talaka ce: a Kenya tuwon masara da ganye da wake da shayi mai madara, a Habasha kuwa wata irin gurasa ta tsaba ƙanana kamar acca. Hatsi shi ne guzurin da tsoka ke ajiyewa, kuma gudu mai tsanani yakan cinye shi kafin awa 2, don haka suke shan ruwa mai sukari da ɗan gishiri a hanya.

Na uku horo. Gwanayensu sukan yi fiye da mil 100 a mako, galibi a hankali, sai kwana biyu ko uku su tsananta, sa'an nan su huta. Likitoci kan auna yawan iskar da mutum ke sha yana gudu da bugun zuciyarsa, a san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Amma akwai masu gajen haƙuri da ke yin allurar sinadarin nan. Wannan algus ne, yana kuma kaurara jini har ya toshe jijiya. A 2014 an kama Rita Jeptoo ta Kenya da shi, aka hana ta tsere, aka ƙwace nasarorinta na shekarar.

Don haka, ya ku fatake, kada ku sayar wa samari ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara ƙarfi, domin ribar ba ta kai lafiyar ɗan wani ba. Ku kuma malamai, ku gaya musu ƙarfi na gari daga tuwo da barci da naci yake fitowa. Sannu ba ta hana zuwa. Wassalam.