Kafin a Zagi Kamfanin Waya, a Duba Inda Aka Ajiye Rauta

Yawancin gidajen da ke da Wi-Fi a ƙasar Hausa ba wayar intanet aka ja musu ba. Rauta ce ko 'yar MiFi da aka saka wa layin MTN, Airtel, Glo ko makamancinsu. Ke nan sabis biyu ne ke aiki a gidan: wanda ke tasowa daga eriyar kamfani zuwa rauta, da wanda rautar ke raba wa wayoyi da kwamfutoci. Rashin bambance su ne ke sa mutum ya sayi sabuwar na'ura alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau.

Gane inda gizo ke saƙar ba wuya. Tsaya dab da rautar ka kunna bidiyo. In yana tafiya sumul a nan amma yana maƙalewa a uwar ɗaka, matsalar ta cikin gida ce. In a gabanta ma jan ƙafa yake, duba fitilar sabis da ke jikinta, ka matsar da rautar bakin taga ta ɓangaren da eriya take. In ya ƙi, gwada wani layin.

Ta cikin gida kuwa, galibi wurin ajiya ne. Sai ka shiga falo ka tarar da rauta a ƙasa bayan talabijin, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ko an kulle ta a durowa don kada yara su taɓa. Sannan a ce intanet ba kyau! Ƙarfe da ruwa ne suka fi cinye wannan sabis: firji, ƙofar ƙarfe, madubi, tankin ruwa, da rufin kankare mai rodi a ciki. Katangar bulo tana rage shi, ta ƙasa mai kauri ma haka. A gida irin namu, zaure can, ɗakuna can, kafin ya isa ƙurya ya ratsa katanga uku ko huɗu. A ɗora rautar sama, a sarari, a tsakiyar gidan gwargwadon hali. Lulluɓin nan ma zafi yake tara mata, balle da bazara.

Rautoci da yawa suna nuna suna biyu, ɗaya 2.4GHz, ɗaya 5GHz, wanda ba shi da haɗi da 5G na kamfanonin waya. Na 5 ya fi gudu amma ba ya nisa, don haka na mazauna kusa ne. Na 2.4 ya fi ratsa bango, sai dai cunkoso gare shi, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci da rautocin maƙwabta duk a nan suke. Wanda ya iya shiga saitin rautarsa ya gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, su ne ba sa hawa kan juna.

A saitin nan kuma za ka ga yawan wayoyin da ke jone. In ka ga goma sha biyar alhali ku shida ne, kalmar sirri ta zaga unguwa, sai a sauya ta.

In gidan ya yi girma, akwai na'urar ƙara zango. Kuskuren da ake yi shi ne kai ta ɗakin da babu sabis. Abin da ta samu take miƙawa, don haka wurinta rabin hanya ne, inda sabis ke da sauran ƙarfi. Ni dai a ganina, jan waya daga babbar rauta zuwa wata ƙarama a ɗaya ɓangaren gidan ya fi ta inganci nesa ba kusa ba.