KWANCEWAR KAYAN BIRKIN MOTA DA YADDA A KE GANE TA DA WURI

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da magatakardansu, saboda su ke da motocin rangadi, su ne kuma direbobin ƙasarsu ke jin maganarsu. Abin da a ke so su sani shi ne, ba safai birki ya kan mutu farat ɗaya ba. Ya kan yi gargaɗi tukuna, sau da yawa kuwa mafarin ɓarnar noti ɗaya ne da ya kwance.

Yadda birki ya ke

Birkin ƙananan motoci iri biyu ne. Na farko mai faifai, shi a ka fi sa wa ƙafafun gaba. Faifan ƙarfe ne ke juyawa tare da taya, wani ƙarfe kuma da makanikai ke kira kalifa ya rungume shi, a cikinsa akwai layinin birki guda biyu. In direba ya taka feda, man birki ya tura layinin nan su matse faifan. Kusoshi masu noti ne ke riƙe da kalifa, yawanci biyu, da waɗansu 'yan ƙarafa masu danne layinin don kada ya yi rawa.

Na biyu mai ganga, watau durom, wanda a kan samu a ƙafafun baya na motoci da yawa. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, su ke buɗewa su kama gangar ta ciki, sa'an nan sifirin ya komo da su.

Abin da ke kwance su

Gargada ita ce ta farko, don girgizar hanyar burji tana sassauta duk notin da bai ɗauru sosai ba. Sai zafi: ƙarfen birki ya kan yi zafi ya huce sau da yawa a yini ɗaya. Sai tsatsa, wadda ke cin sifirin bayan mota ta yi ta ratsa ruwa da damina. Amma abin da ya fi yawa shi ne gyaran gaggawa: a sake layini a manta ba a ɗaure noti har iyakarsa ba, ko a mayar da tsofaffin ƙarafan da suka gaji, ko a ɗaure da waya. Ɗaurin da ya wuce kima ma ɓarna ne, don ya kan cinye zaren noti. Kowace mota da awon ɗaurinta, akwai kuwa sifana mai awo domin wannan aiki.

Alamu biyar

1. Ƙara guda, ƙwas, in an taka birki, musamman bayan mota ta yi baya ta koma gaba.

2. Kwaramniya daga wajen taya a kan gargada, wadda ta kan yi shiru da zarar an ɗora ƙafa bisa feda. Wannan layini ne ke rawa.

3. Mota ta riƙa fizga gefe guda in an taka birki.

4. Ƙarar gogar ƙarfe a cikin durom, ko kuwa ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan 'yar tafiya. Mai yiwuwa sifirin ne ya karye.

5. Feda ta yi laushi tana nutsewa, ko a ga danshin mai a cikin taya. Motar da ta nuna wannan kada ta motsa sai an gyara.

Dalilin tsanantawa kuwa shi ne, in kusa ɗaya ta faɗi, kalifa ya kan karkata ya daki gindin taya ta ciki, ko ya ƙulle ta, ko ya fizge tiyon mai. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin wajen mita 22 kowane sakan. A gangara irin ta Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, inda a ke riƙe da birki tun daga sama har ƙasa, ba a samun damar gyara.

Yadda za a duba

A tsai da mota a wuri mai bai ɗaya, a sa dutse ko icce a tare tayoyin. A ɗaga da jak, a sa matokari mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A cire taya, a kama kalifa a girgiza. A yawancin motoci ya kan ɗan zame ciki da waje, wannan ba laifi. Amma in yana ƙwanƙwasawa sama da ƙasa, akwai abin da ya kwance ko ya cinye. A ƙidaya notuna, a duba tiyo ko ya tsage. Buɗe durom kuwa aikin makanike ne.

Aikin Hakimi da magatakarda

Tun 1988 akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, akwai kuma jami'an duba motoci na jihohi, amma ba su kan ga mota kullum ba. Mai ita da direbansa su ke ganinta. Don haka ya kamata Hakimi ya umarci direbansa ya gwada birki a hankali kowace safiya kafin ya hau babbar hanya, ya duba ƙafafu sau ɗaya a mako, ya kuma faɗi duk baƙuwar ƙarar da ya ji ba tare da tsoron faɗa ba. Magatakarda ya ajiye littafi, ya rubuta ranar gyara, da abin da a ka sake, da wanda ya gyara. Bayan kowane gyaran birki a sake gwada notuna in an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100. In an taru ranar kasuwa, a karanta wa shugabannin tasha alamun nan biyar. Rigakafi ya fi magani.