Tsarin Kwamfuta "Marar Uwar Garke": Amfaninsa da Matsalolinsa ga Shafukan Intanet

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wani tsari na tafiyar da shafukan intanet wanda Turawa suka laƙaba wa sunan "marar uwar garke". Uwar garke dai ita ce kwamfutar da ke ɗauke da shafi, tana amsa buƙatun masu ziyara dare da rana. Sunan yana da ruɗarwa, domin kuwa uwar garken tana nan daram. Mai kula da ita ne kawai ya sauya. Don haka fassarar kalma da kalma ba ta gamsar ba. A ganina "tsarin kai niƙa" ya fi dacewa, saboda dalilan da za su biyo baya.

2.0 Yadda Tsarin Yake

Mai buƙatar gari yana iya sayen injin niƙa, ya ɗauki nauyin mai da gyara da gadi, ko ya yi niƙa ko bai yi ba. Yana kuma iya kai hatsinsa wurin mai inji, ya biya kuɗin mudun da aka niƙa masa. Hanya ta biyu ita ce wannan tsari. Mai shafi zai rarraba manhajarsa zuwa ƙananan ayyuka, ya miƙa wa kamfani. Duk lokacin da buƙata ta shigo sai kamfanin ya tayar da aikin da ya dace, ya kashe shi bayan an gama. Kamfanin Amazon ne ya shahara da wannan salo da ya fito da Lambda a shekarar 2014. Microsoft ya biyo baya da Azure Functions a 2016, sai Cloudflare da Workers a 2017.

3.0 Amfani

A ɗauka wani sashen harsuna ya ƙudurta ɗora ƙamus irin na Bargery, wanda aka buga a 1934, domin a riƙa neman kalma a cikinsa. Irin wannan shafi yakan wuni babu mai leƙa shi sai ɗaiɗai, amma da jarrabawa ta gabato sai ɗalibai su yi masa ca. A nan ne tsarin yake da rana: idan babu mai nema babu kuɗin aiki, idan kuwa masu nema sun yawaita kamfanin zai ninka ayyukan da kansa. Tun daga 2020 Amazon yake lissafin lokacin aikin Lambda da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haka nan sashen ya huta da neman janareta da ƙwararren da zai kwana yana gadin na'ura, abin da duk wanda ya yi aiki a jami'o'inmu ya san nauyinsa.

4.0 Matsaloli

Wanda ya fara isa wurin niƙa da sassafe shi ne zai jira a tayar da inji. Haka aikin da ya daɗe ba a kira shi ba yakan ɗan yi jinkiri kafin ya amsa. Mai inji kuma ba ya ajiye wa kowa hatsi: aikin ba shi da tabbacin tuna abin da ya gabata, don haka dole a tanadi rumbun bayanai daban, shi ma da kuɗinsa. Akwai kuma iyakar lokaci, domin Lambda yana yanke aiki bayan minti 15. Manazarcin da ke son na'ura ta sanya alamun karin sauti a dubban shafuka sai ya gutsuttsura aikin, ko ya nemi wata hanya.

Batun kuɗi shi ya fi shafarmu. Shafin da ke samun baƙi ba ƙaƙƙautawa yakan fi sauƙi idan aka yi hayar uwar garke ɗungurungum, kamar yadda mai sana'ar ƙosai kullum za ta fi ribar mallakar injinta. Sannan farashin da dala aka yanka shi. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,400. Sashen da ya yi kasafi da naira bai ƙara ko baƙo guda ba, amma bashinsa ya ninka sau uku.

Wata matsalar ita ce ɗaurewa ga kamfani ɗaya, domin kowane yana da nasa ƙa'idojin, kuma ƙaura takan buƙaci sake rubuta sashen manhaja. Shawarata ita ce a ajiye ainihin kalmomin ƙamus da ma'anoninsu a rubutu tsagwaro bisa tsarin Unicode, wanda ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ, sannan sashen ya riƙe kwafinsa a hannu.