Ziyarar Iyali a Kano Lokacin Hunturu

Kamar yadda aka sani, Bahaushe ya kasa shekara gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da rani. Hunturu yana shigowa ne bayan an gama kaka, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga Sahara ɗauke da ƙura da hazo. A duk sa'ad da 'yan'uwa da ke zaune a wasu garuruwa suka tambaye ni lokacin da ya fi dacewa su kawo iyalinsu ganin Kano, wannan lokaci nake zaɓa masu. Dalili kuwa shi ne, yawancin wuraren tarihin birnin da ƙafa ake zagaya su, kuma yaron da ba zai jure zafin Afrilu ba yakan yi yinin Janairu yana tafe bai gaji ba. Ga shi kuma hutun makaranta na Disamba ya faɗo a ciki.

Sai dai yanayin ne yake tsara wa baƙo yininsa. Da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, don haka bai kamata a fita da ƙananan yara ba sai hantsi ya ɗaga, bayan an karya da koko da ƙosai ko kunun gyaɗa mai zafi.

Ni dai da Dutsen Dala nake so a fara, domin nan ne tushen garin. A nan Barbushe ya zauna yana jagorancin bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, wanda ake ƙidaya sarautarsa daga shekarar 999. Akwai matakala har sama, kuma cikin sanyi hawan ba ya wahalar da dattijo balle yaro. Amma a duba sararin sama kafin a fito. Na taɓa hawa da wasu baƙi ranar da hazo ya sauko sosai, ko Gwauron Dutse ba mu iya hangowa ba, muka sauko yara suna tambayar ina garin yake. Ranar da gari ya washe kuwa, daga can mutum zai ga yadda tsohon birni ya shimfiɗu, a nuna wa yara inda ganuwa ta bi. Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ta, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Abin takaici, da yawa daga cikinta ya zube ko an yi gini a kai, shi ya sa nake ganin wajibi ne a kai yaro ya taɓa ragowarta da hannunsa.

Daga nan sai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kuma a nan yara za su fahimci hikimar magina na da: bangon yana shan zafin rana ya riƙe, da dare ya saki ɗumi, saɓanin ɗakin kwano da yake yin sanyi ƙarara da zarar rana ta faɗi. Haka abin yake a Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano a 1909.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta fi ko'ina ɗaukar hankalin yara. Za su ga yadda ake haɗa baba da toka a cikin rami, a tsoma farin ƙyalle, ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonsu. A kusa kuma akwai masu bugu da ke fito da ƙyallin yadi. Kasuwar Kurmi ma ta zamanin Rumfa ce. A can ake samun kayan fata da gwado da luru, waɗanda da su kakanninmu suke maganin ɗari kafin zuwan bargon kanti.

Bugu da ƙari, hunturu lokacin wasanni ne. Manomi ya kai amfani gida, rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi, saboda haka ne aka saba yin bukukuwan aure da kalankuwa da kokawa da dambe a wannan tsakani. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, suna bin ƙauyuka bayan kaka da makaɗansu. A ganina kokawa ta fi dacewa da mai ƙananan yara, domin filin dambe yakan cika da hayaniya. Hawan Salla kuwa lissafin wata yake bi: daga 2006 zuwa 2008 Babbar Salla ta faɗo cikin Disamba, amma tun tuni ta matsa daga lokacin sanyi, don haka kada baƙo ya sa rai da shi.

Wanda yake da mota yana iya ware yini guda ya fita kudu zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ne yake shayar da gonakin rani na Kura da Kadawa, kuma a hanya za a ga tumatir da albasa da rake jibge a bakin titi. A cikin gari ma akwai gidan namun daji mai sunan wannan gwamna.

Abu na ƙarshe shi ne tanadi. A riƙo rigar sanyi da hula da safa ga kowane yaro, da man kaɗanya saboda kaushi da faso. Mai ciwon asma ya rufe hanci ranar ƙura. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, domin hayaƙinsa yana kisa, kuma gobarar hunturu da yawa daga jin ɗumi take tashi. Mai zuwa ta jirgin sama kuma ya bar rarar kwana ɗaya a lissafinsa, saboda hazo kan hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano.