Turke da fangali: yadda rago da lambu suke ciyar da juna a Lazare

Duk wanda ya bi hanyar Walam da sassafe ta unguwar Lazare, a arewacin birnin Yamai, zai riƙa cin karo da amalanken jakuna ɗauke da harawa da burgu sun nufi Turaku, babbar kasuwar dabbobi ta unguwar. Bahaushe da ya ji wannan suna ya san turke ake nufi. Tsofaffi ba su manta ba, a nan Lazare ne aka kafa sansanin makiyayan da farin 1973 da 1974 ya raba da garkunansu, galibinsu Buzaye daga Nijar da Mali. Yau wurin ya zama gari, amma dabba ba ta bar shi ba. Ta dai koma bayan ɗaki, rago biyu ko uku a turke, da akuya, da ƴan kaji suna tono a gindinsu.

Abin da muke so ƴan kasuwa su lura da shi, musamman iyayenmu mata masu sayar da kayan miya, shi ne wannan ƙaramin kiwo ba ya tsayuwa shi kaɗai. Ƙafarsa ɗaya tana cikin lambu. Masu lambunan da ke bakin Gunti Yena, ƙoramar da ke ratsa birnin ta faɗa kogin Isa, ba su da abin da suke nema kamar takin tumaki da awaki, domin kuwa ƙasar da ake nomawa rani da damina ba hutu tana gajiya. Ita kuma mai kiwo, kullum da yamma tana neman ɓawon kabeji, da ganyen karas, da ciyawar da aka cire daga fangali. Sai a yi musaya, wani lokaci ko dala ba ta shiga tsakani: buhun taki ya tafi lambu, damin ganye ya dawo gida. Mai tebur a Katako ko Wadata da ke zubar da ragowar ganyenta a bola, abincin rago take zubarwa.

To amma takin ma yana da ƙa'ida. Ɗanye yana ƙone dashe, yana kuma kawo ƴaƴan ciyawa cikin fangali. Masu lambun da suka san aikinsu sukan tara shi a rami, su yayyafa ruwa, su riƙa juyawa har ya ruɓe ya huce kafin ya je gindin salati ko zogale.

Aikin yini kuwa ba ya da hutu. Bayan sallar asuba a share turke, a ba da ruwa, a dama dusa da ɗan gishiri ko kanwa, sannan a zuba harawa. Mai lambu shi ma a lokacin yake ɗaukar butocin ban-ruwa, sahu bayan sahu, kafin rana ta yi zafi, da la'asar kuma a sake. Yara su ne masinjoji tsakanin gida da lambu in sun taso daga lakkol.

Inda riba take ɓuya, ko ta gudu, shi ne wajen abinci. Ragon da aka ɗaure don sallar layya yakan yi wata uku zuwa huɗu a turke, kuma kowace rana ci yake yi. Harawar wake da ta gyaɗa suna araha da kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, amma in aka shiga Afrilu da Mayu sai farashinsu ya haura sama, a daidai lokacin da daji ya ƙare. A ƴan shekarun nan sallar tana faɗowa ne a ƙarshen rani ko farkon damina, wato kiwon duka yana cikin watannin tsada. Matar da ta sayi harawa da kaka ta jibge bisa rumfa, da wadda take sayen ƙulli-ƙulli kowace safiya, rago iri ɗaya za su kai Turaku, dillali ya yi musu ciniki ɗaya ya cire la'adarsa, amma ɗaya ce kawai za ta koma gida da abin adashi. Mun sha jin mata a rediyo suna cewa sun sayar da rago da riba, in aka tambaye su kuɗin dusa sai a ji shiru. Ya kamata kowace jaka da ta shiga bakin rago a rubuta ta, ko a sa yaro ya rubuta.

Wajen saye ma a buɗe ido. Balami da bali-bali suna da ƙashi da tsawo, su masu kuɗi suke so, amma cinsu ya fi na ara-ara. A duba haƙori, a duba hanci da ido, a ba da maganin tsutsar ciki tun makon farko, kuma kada a haɗa baƙon rago da na gida sai an ga lafiyarsa. Allurar rigakafin da ma'aikatan kiwo suke zagayawa da ita kowace shekara, kada a bari ta wuce.

Sai babbar annoba, wato leda. Tun 2014 aka yi dokar hana ledojin nan a Nijar, amma ga su nan a kowane lungu. Akuyar da aka saki ta yi yawon bola tana haɗiye su, su cunkushe mata tumbi, tana ci tana ramewa har ta mutu, mahauta ne shaida. A lambu kuma ledar da ta biyo taki tana hana ruwa shiga ƙasa. A nan mu ƴan kasuwa da masu saye duk muna da hannu, tunda tumatir na dala ashirin ma sai an ƙulla shi a leda.

Kasuwa ita ma ba ta da tabbas. A 2025, gab da salla, gwamnati ta hana fitar da dabbobi zuwa ƙasashen waje don farashi ya sauko wa masu layya. Mai saye ya ji daɗi, amma wadda ta ciyar da ragonta da harawar rani ta tarar da Turaku cike maƙil. Waɗanda suke da ɗan fangalin zogale ko yakuwa a gefe, su ne suka samu kuɗin cefane a makonnin da ragon yake jiran mai saye.